Yadda Ake Shirya Wasan Kiɗan Gwaji na Lantarki a Gaban Jama'a da Mikisa Guda

Duk wanda ya taɓa halartar taro ya san wannan ƙara mai huda kunne da lasifika ke yi idan mai jawabi ya matso da makirufo kusa da ita. Masu kula da sauti suna kiranta fidbak, kuma aikinsu shi ne su kashe ta kafin jama'a su fara toshe kunnuwa. A kiɗan gwaji na lantarki kuwa, wannan ƙarar ita ce ake horarwa har ta zama abin kiɗa, kuma abin da zan bayyana a nan shi ne yadda mutum zai horar da ita, ya haɗa ta da sautin kayan gida, sannan ya tsaya gaban jama'a ya yi wasan minti 20 ba tare da ya ƙona lasifikar kowa ko ya cutar da kunnen kowa ba.

Salon ba sabo ba ne. Tun a 1944 Halim El-Dabh ya ɗauki sautin bikin zar a birnin Alƙahira, wanda ya yi kama da bori ta wasu fuskoki, da na'urar ɗaukar sauti mai amfani da siririyar waya, sannan ya sarrafa muryoyin a ɗakin rediyo har suka canja kama. A 1948 Pierre Schaeffer ya yi irin wannan aiki a Faris da ƙarar jiragen ƙasa. A 1960 John Cage ya tsara wani wasa a Amurka inda ake cire allurar garmaho a soka tsinken sakace ko gashin tsuntsu a madadinta, domin a ji ƙananan sautukan da kunne ba ya iya kamawa. Amma hanyar da za mu bi ta fi kusa da ta Toshimaru Nakamura, mawaƙin Japan da ya ajiye gitarsa a ƙarshen shekarun 1990 ya koma kaɗa mikisa ita kaɗai, wato na'urar da ke karɓar sautuka ta layuka daban-daban ta haɗa su wuri guda, ta hanyar mayar da abin da ke fitowa daga cikinta zuwa mashigarta. Na zaɓi wannan hanya ne domin ita ce mafi arha, kuma ita ce ta fi koya wa mutum sauraro.

Kayan da ake bukata

Abu na farko shi ne ƙaramar mikisa ta analog mai layi huɗu zuwa takwas. Ba sai mai tsada ba, domin ƙananan na Behringer, Yamaha ko Mackie duk suna aiki, kuma tsohuwa wadda aka saya a hannu ta fi dacewa, tunda za a riƙa tura ta fiye da yadda aka ƙera ta. Sharaɗi ɗaya ne ba a sassautawa: dole ta kasance tana da mafitar da aka rubuta wa Aux Send ko FX Send, kuma kowane layi yana da maɓallan daidaita kaurin sauti, wato waɗanda aka rubuta wa Low, Mid da High. Mikisar dijital ba ta dace da mai koyo ba, saboda idan sauti ya cika mata ciki takan fasa shi da wani irin kaushi marar daɗi, maimakon ta lanƙwasa shi a hankali yadda ta analog ke yi.

Bayan ita ana bukatar gajerun wayoyi masu kan jak na milimita 6.35, irin na gita, aƙalla guda shida. Sai faifan fizo guda uku ko huɗu, wato wannan siririn faifan tagulla mai farin da'ira a tsakiya, wanda faɗinsa yakan kai milimita 27 ko 35. Ana samunsa wurin masu sayar da kayan gyaran rediyo, idan kuma babu, ana iya ciro shi daga cikin matattun na'urori masu yin ƙarar gargaɗi. Za a nemi ƙarfen narka dalma da dalmar kanta, da salatif na lantarki, da maƙalai irin waɗanda ake kama takardu da su. Akwai kuma akwatin amsa-kuwwa, wanda masu gita ke takawa da ƙafa, an rubuta masa Delay. Yana da amfani ƙwarai, amma ana iya farawa ba tare da shi ba.

Sai kayan da za a kaɗa, kuma a nan madafa ta fi shagon kayan kiɗa amfani: farantin tasa, murfin tukunya, ƙwarya, mataji, buroshin haƙori, tsakuwa 'yan kaɗan, sifirin na tsohuwar kujera, da katako mai faɗi wanda za a ɗora su a kai. Wanda ya samu bakan goge da ɗan ƙaro ya samu babban abu, domin goga shi a gefen farantin ƙarfe yana fitar da doguwar murya da ba a samunta ta wata hanya.

Na bar abubuwa biyu zuwa ƙarshe domin su ne aka fi mantawa. Na farko shi ne limita, na'urar da ke hana sauti wuce iyakar da aka sa masa, wadda ake haɗawa tsakanin mikisa da lasifika. Na biyu shi ne abin toshe kunne na roba. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke bi shi ne cewa kunne yana jure ƙarfin sauti na desibel 85 na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu, ta yadda a desibel 100 minti 15 ne kawai ya rage. Fidbak na iya tsallake wannan iyaka cikin ƙiftawar ido. Saboda haka kada ka fara koyo da abin sauraro a kunne. Ka yi amfani da ƙaramar lasifika mai arha, ka ajiye ta nesa da kai kaɗan, wadda ko ta mutu ba za ka yi asara mai yawa ba.

Mataki na 1: Haɗa makirufon manne

Faifan fizo ba ya jin sautin da ke cikin iska sosai. Abin da yake ji shi ne girgizar abin da aka manna shi a jiki, yana mayar da ita lantarki, bisa wata ɗabi'a da 'yan'uwan nan biyu Jacques da Pierre Curie suka gano a 1880. Ka yanke wayar gita guda gida biyu, sai ka samu makirufo biyu daga waya ɗaya. Idan ka fere bakin da ka yanke za ka ga siririyar waya a tsakiya da kuma raga mai kewaye da ita. Ta tsakiyar ita ake liƙawa a kan farin da'irar, ragar kuma a murɗe ta a liƙa a gefen tagullar.

Kuskuren da kusan kowa ke yi a karon farko shi ne daɗewa da ƙarfe mai zafi a kan farin da'irar. Fentin azurfar da ke samansa siriri ne ƙwarai, yana ɓarewa idan zafi ya wuce daƙiƙa biyu, kuma da zarar ya ɓare dalma ba za ta sake kamawa a wurin ba. Dabarar ita ce ka fara shafa wa bakin wayar dalma, sannan ka ɗora ta a kan faifan ka taɓa da ƙarfen sau ɗaya ka ɗage. Idan faifan ya zo da wayoyinsa, ja da baƙa, aikin ya yi sauƙi: ja zuwa ta tsakiya, baƙa zuwa raga. Daga nan ka naɗe mahaɗar da salatif sosai, ka kuma manna wayar a jikin faifan, domin ja ɗaya yana iya tsinke ta. Wanda ba shi da ƙarfen dalma ya kai wa mai gyaran rediyo, aikin minti biyar ne a wurinsa.

Za ka lura cewa idan ka sa shi kai tsaye a mashigar Line, sautin yana fitowa siriri kamar na gwangwani. Dalili shi ne fizo yana son mashiga mai tsananin turjiya, kusan om miliyan 1 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki), alhali mashigar Line ta yawancin mikisoshi ba ta wuce om dubu 10 zuwa 20 ba, don haka kaurin sautin ke zubewa. Maganinsa shi ne ka ratsa da shi ta cikin akwatin amsa-kuwwa ko wani akwatin gita kafin ya isa mikisa, ko ka yi amfani da mashigar da aka rubuta wa Hi-Z idan akwai.

Mataki na 2: Shimfiɗa tebur

Ka sa mikisa a tsakiya, kusa da hannun da ka fi amfani da shi, katakon kayan kaɗawa kuma a ɗaya ɓangaren. Ka shimfiɗa bargo ko tawul a ƙarƙashin katakon, in ba haka ba makirufon manne zai riƙa ɗauko duk motsin teburin, har da bugun gwiwarka. Ka manna ɗan farin salatif a ƙasan kowane layi ka rubuta abin da ke cikinsa da manyan baƙaƙe, domin a wurin wasa haske yakan yi ƙaranci kuma hankali yakan rabu.

Kafin ka kunna komai, ka mayar da dukkan maɓallan Gain, masu ƙara ƙarfin sautin da ke shigowa, da na Aux zuwa sifili, ka sauke fedoji, wato maɓallan da ake turawa sama da ƙasa don ƙara ko rage sauti, ƙasa gaba ɗaya, maɓallan Low, Mid da High kuma su tsaya a tsakiya. Ka tabbata makunnin da aka rubuta wa 48V a kashe yake, domin wutar da yake turawa ta wasu makirufo ce na daban, ba ta da aiki a nan kuma tana iya yin ɓarna. Tsarin kunnawa ba ya canjawa: mikisa da akwatuna da farko, lasifika a ƙarshe. Wurin kashewa kuma a juya, lasifika ce ta farko.

Mataki na 3: Buɗe kewaye na farko

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma ina ba da shawarar a shafe mako guda a kansa kafin a wuce.

Ka ɗauki waya guda, ka sa kai ɗaya a Aux Send, ɗaya kan kuma a mashigar Line ta layi na 1. Yanzu duk abin da layi na 1 ya tura zuwa Aux zai dawo masa, ya sake turawa, ya sake dawowa, kamar maciji ya kama wutsiyarsa. Ba a shigar da kowane sauti daga waje ba, amma a cikin kowace na'urar lantarki akwai wani ɗan huci da ba ya ƙarewa, kuma shi ne kewayen zai riƙa ninkawa har ya zama murya.

Ka ɗaga babbar feda, wadda ke kula da dukkan sautin da ke fita zuwa lasifika, kaɗan, kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Ka ɗaga fedar layi na 1 zuwa alamar sifili da ke kusa da sama. Ka murɗa Gain zuwa tsakiya. Sannan, da hannun hagu a kan babbar feda, ka fara murɗa maɓallin Aux na wannan layi a hankali ƙwarai da hannun dama. Da farko ba za ka ji komai ba, sai huci ya fara tasowa, sai kuma a wani wuri guda murya ta ɓullo farat ɗaya. Wannan wurin shi ne bakin gaɓa, kuma mafi yawan abin sha'awa a wannan kiɗa yana faruwa ne a ɗan tsakanin nan, inda motsin da bai kai faɗin farce ba yake juya shiru ya zama kuka.

Idan muryar ta tsaya, ka bar Aux ka koma kan maɓallan kauri. Ƙara High yana tura muryar sama ta zama shewa, rage shi yana saukar da ita. Ƙara Low sosai yana jawo ta ƙasa har ta daina zama murya ta koma bugu, ɗaya bayan ɗaya, kamar bugun zuciya, domin kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da bai kai girgiza 20 a daƙiƙa ba a matsayin murya, sai dai a matsayin bugu daban-daban. Idan mikisarka tana da maɓallin da ke zaɓar inda Mid zai yi aiki, to ka samu abin da ya fi kusa da tsarkiyar goge, domin da shi ake jan murya sama da ƙasa a hankali. Kowace mikisa da halinta, har guda biyu daga kamfani ɗaya ba sa amsawa iri ɗaya, don haka babu wanda zai iya rubuta maka lambobin da za ka bi. Ka ajiye littafi ka riƙa zana matsayin maɓallai duk lokacin da ka samu sautin da ya burge ka.

Akwai wani bambanci da ya kamata ka gane tun yanzu. A wasu mikisoshi Aux yana ɗaukar sauti ne bayan feda, a wasu kuma kafin feda, kuma sau da yawa akwai ɗan makunni da aka rubuta wa Pre. Idan bayan feda ne, saukar da fedar yana kashe kewayen gaba ɗaya, kuma motsa ta yana canja ƙarfin sauti tare da kamanninsa a lokaci guda. Idan kafin feda ne, kewayen yana ci gaba da aiki a ɓoye ko da fedar tana ƙasa, wanda ke ba ka damar shigo da shi a hankali yana riga ya nuna. Haɗarinsa shi ne ka manta yana raye, ka ɗaga fedar da sauri, ya fito da dukkan ƙarfinsa.

Mataki na 4: Ƙara kewaye na biyu da makirufon manne

Idan mikisa tana da Aux biyu, ka mayar da na biyun cikin layi na 2. Idan guda ɗaya ne, ka yi amfani da mafitar Control Room ko ta abin sauraro, amma ka fara da maɓallinta a ƙasa, domin ta fi Aux ƙarfi. Idan muryoyi biyu suka kusanci juna za ka ji sautin yana kumbura yana sacewa: murya mai girgiza 200 a daƙiƙa da wata mai 203 suna haifar da kumburi 3 a kowace daƙiƙa, kuma da ka ƙara nisanta su kumburin yana ƙara sauri. Da wannan kaɗai ana iya cika minti biyar. Daga baya ka gwada tura ɗan layi na 1 cikin Aux na biyu, a nan ne kewayen biyu za su fara faɗa da juna, su fitar da tsalle-tsalle da kai kanka ba ka shirya ba.

Akwatin amsa-kuwwa ana iya sa shi a cikin kewaye, tsakanin Aux Send da mashigar layi. Yana rage wa fidbak gaggawa, ya sa shi tasowa a hankali kamar hadari, kuma wannan yana taimaka wa mai koyo ƙwarai.

Makirufon manne kuma ya shiga layi na 3. Ka maƙala shi a jikin katako ko faranti da maƙalin takarda, ka tabbata ya kwanta sosai. Ka ja mataji a gefen katakon, ka mirgina tsakuwa cikin ƙwarya, ka ɗaure sifirin da ƙusoshi biyu ka taɓa shi da yatsa. Ka riƙa taɓawa a hankali fiye da yadda kake zato, domin fizo yana mayar da ɗan ƙwanƙwasa ya zama kamar an buga ƙofa. Idan ka buɗe Aux na layi na 3 kaɗan, sautin kayan zai shiga cikin kewayen ya riƙa ture muryar daga inda take, kuma a ganina nan ne wasan ke fara zama na hannu, domin masu kallo suna ganin abin da ya jawo canjin.

Wanda ba shi da fizo zai iya sa ƙaramar rediyo mai batir a madadinsa, ya tsayar da ita tsakanin tashoshi biyu a gajeren zango. Wanda ke da wayar salula zai iya ɗaukar sautin injin niƙa ko ruwan sama a kan kwano ya shigar ta layi guda, amma ya katse mata layin sadarwa kafin wasa, ya kuma nisanta ta daga sauran wayoyi. Mai kwamfuta kuma yana da manhajar Pure Data, wadda Miller Puckette ya ƙirƙira a shekarun 1990 kuma kyauta ce, sai dai ban cika ba mai farawa shawararta ba, domin ido yakan maƙale a allo kunne ya yi barci.

Mataki na 5: Tsara wasan

Ba a rubuta wannan kiɗa yadda ake rubuta waƙa, tunda na'urar ba ta maimaita abu ɗaya sau biyu, amma hawa dandali ba tare da wani tsari ba shi ne ke sa mai farawa ya zube duk abin da ya sani cikin minti uku ya tsaya yana lalube. Ka ɗauki takarda guda ka raba minti 20 gida huɗu ko biyar waɗanda tsawonsu ba ɗaya ba. A kowane gida ka rubuta abu biyu kacal: wane layi ne a buɗe, da kuma inda kake son sautin ya dosa. Misali, minti huɗu na farko tsakuwa cikin ƙwarya kawai, sannan bugun kewaye na 1 ya shigo a ƙarƙashinta, sannan muryoyi biyu masu kumburi na tsawon minti shida, sannan a yanke komai a bar shiru na daƙiƙa goma, sannan bakan goge a kan faranti har ƙarshe.

Ka riƙa ɗaukar atisayenka da waya kana saurare washegari, ba a ranar ba. Abin da kusan kowa ke ganowa shi ne yana canja sauti da wuri. Minti guda a kan tebur yana yi wa mai wasa tsawo kamar biyar, alhali mai sauraro bai gama shiga cikin sautin ba. Ka ajiye agogo a gabanka ka tilasta wa kanka barin sauti guda na minti biyu cur kafin ka taɓa komai.

Ƙarfin sauti kuma ba shi ne gwaninta ba. A unguwar Yoyogi ta Tokyo akwai wani ɗan ƙaramin wuri mai suna Off Site, wanda ya yi aiki daga 2000 zuwa 2005, inda Nakamura da abokansa suka riƙa wasa. Wurin yana manne da gidajen mutane, don haka dole aka riƙa yin kiɗan a hankali, kuma wannan takura ta taimaka wajen fito da salon da aka san su da shi, mai yawan shiru da ƙananan sautuka. Wanda zai yi wasansa na farko a ɗakin taro ko harabar makaranta ya ɗauki darasi daga nan.

Mataki na 6: Gwajin sauti a wurin wasa

Ka isa aƙalla awa biyu kafin lokaci, kuma kafin ka fitar da waya ko guda ka nemi mai kula da sauti ka gaishe shi, ka faɗa masa a fili cewa fidbak ɗin da zai ji daga teburinka da gangan ne, kuma a cikin mikisarka yake, ba tsakanin makirufo da lasifikarsa ba. Idan ba ka yi haka ba, da ya ji shewa hannunsa zai kai kan feda ya kashe ka, kuma ba laifinsa ba ne, abin da aka koya masa ke nan. Ka nuna masa limitarka. Idan ba ka da ita, ka roƙe shi ya sa tasa a kan layinka. Idan shi ma ba shi da ita, ka manna salatif a kan hanyar babbar fedarka, a daidai inda ba ka son ta wuce.

Na koyi wannan ne da tsada. A wani wasa da na yi a farkon lamarina na bar siririyar shewa tana tafiya da ƙarfi kusan minti biyu, ina jin daɗinta, sai na ji ɓangaren dama ya dushe kamar an rufa masa bargo, ga kuma ƙaurin wayar da ta ƙone. Ƙaramar lasifikar da ke fitar da siraran sautuka ce ta mutu, domin an ƙera ta ne don ɗan ƙyalli mai wucewa, ba don murya mai tsayawa wuri guda ba. Kuɗin da aka ba ni a daren bai kai na gyaran ba.

A lokacin gwaji ka fara da sautinka mafi ƙarfi, a daidaita iyaka a kansa, sannan ka gwada mafi rauni ka ji ko yana kaiwa bayan ɗaki. Ka bar kewaye yana tafiya ka zagaya ɗakin da ƙafarka, za ka tarar kaurin sauti yana taruwa a kusurwa yana ɓacewa a wasu wurare. Idan ka ji wani gurnani mai kauri da ba ya canjawa ko ka taɓa maɓallai, na wutar lantarki ne, wadda a Najeriya da Nijar da Turai take juyawa sau 50 a daƙiƙa. Ka haɗa dukkan kayanka a soket guda, ka raba wayoyin sauti da na wuta, idan kuma bai tafi ba ka nemi akwatin DI, wanda ake sawa tsakanin mikisarka da na'urar wurin, mai makunnin Ground Lift. Kada ka taɓa cire ƙafar filogi ta uku don maganin gurnani, domin ita ce ke kare ka daga jan wuta. Inda ake aiki da janareta, ka sa sitabilaiza, ka kuma sani cewa muryar kewaye tana iya gocewa idan ƙarfin wuta ya sauka.

Mataki na 7: Kan dandali

Ka sa abin toshe kunnenka, ka kuma ajiye wasu a bakin ƙofa don masu bukata, musamman idan akwai yara. Ka duba matsayin maɓallai da littafinka, amma kada ka yi mamaki idan sautin da ka samu a gida bai fito ba, domin zafin na'ura da wutar wurin suna canja bakin gaɓar. Ka fara daga abin da ya fito.

Hannu guda ya zauna kusa da babbar feda daga farko har ƙarshe. Idan kewaye ya kubce ya yi ihu, kada ka firgita ka yanke shi gaba ɗaya. Ka sauke babbar feda zuwa rabi, ka rage High, ka bar shi ya lafa da kansa, mafi yawan masu sauraro za su ɗauka cikin shirin yake. Idan layi ya mutu, ka koma wani layin ka ci gaba, kada ka tsaya jijjiga wayoyi lasifika tana buɗe. Idan wuta ta ɗauke, ka sauke dukkan fedoji nan take kafin ta dawo, sannan ka ci gaba da kaɗa farantinka da ƙwaryarka da hannu, ɗakin da ya yi tsit yana jin su sarai.

Ka yanke shawarar yadda za ka ƙare tun kafin ka hau. Ko dai ka janye sauti a hankali cikin minti guda, ko ka yanke shi farat ɗaya a tsakiyar ƙarfinsa. Bayan sautin ƙarshe ka bar hannuwanka a kan tebur na wasu daƙiƙoƙi, sannan ka ɗauke su ka ɗago kai, domin a irin wannan kiɗa jama'a ba su da wata alamar gane cewa an gama sai wannan.

Mataki na 8: Naɗe kaya

Ka sauke babbar feda, ka yi wa mai kula da sauti alama ya rufe layinka, sannan ka fara zare wayoyi. Kafin ka mayar da maɓallai sifili ka ɗauki hoton fuskar mikisar, domin matsayin da wasa ya ƙare a kai sau da yawa ya fi wanda ka zo da shi daga gida. Faifan fizo kuma ka sa kowanne tsakanin kwali biyu ka ɗaure da roba, saboda farin da'irar yana tsagewa idan wani abu mai nauyi ya danne shi cikin jaka, kuma tsagaggen faifai ba ya nuna alama sai an manna shi a wasa na gaba an ji shiru.